Zoben ya yi kyau a ido, amma wa ya auna awartakin?

Maiwalda, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Kamar yadda wasunku suka sani, shekara biyu ke nan ina harhaɗa ƙaramin jirgi mai kujeru biyu a bayan shagona, bisa zanen da na saya, kuma gangar jikinsa ta bututun ƙarfe ce da na yi wa walda da hannuna. Yanzu na iso kan igiyoyin ƙarfen da ke tashi daga ƙafafun matuƙi zuwa allon jela na tsaye, wanda ke juya hancin jirgi dama da hagu. Igiyar da zanen ya nema ita ce mai kaurin 1/8 na inci, ƙirar 7x19, mai rufin tutiya. Na lanƙwasa kowane baki a kan ƙarfen ido, wato lanƙwasasshen ɗan ƙarfen da ake sawa cikin madaukin igiya don ya kare ta, na zura zoben jan ƙarfe irin na Nicopress, na matse shi sau uku da wani awartaki da na saya wurin mai sayar da tsofaffin kayan aiki. Baki huɗu na gama, kuma duk wanda ya gani sai ya yaba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne awartakin bai zo da gejinsa ba, ga shi kuma ya ratsa hannaye da yawa kafin ya zo gare ni. Na ɗaure igiya ɗaya a reshen dalbejiya na yi lilo da ita, zoben bai ko motsa ba. Shin wannan ya isa, ko akwai abin da ya rage?

Tsohon Makanike, Argungu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa aikinka albarka, amma lilon da ka yi bai gaya maka komai ba. Igiyar da ka ambata, idan ta gaskiya ce, ba ta tsinkewa sai nauyi ya kai laba 2,000, wato kilo 907, kai kuwa da ƙyar ka haura kilo 70. Zoben da aka matse rabi da rabi ma zai ɗauke ka har da maƙwabcinka.

Yadda abin yake shi ne, idan awartaki ya matse zobe daidai, jan ƙarfen yakan kutsa cikin kwarin da ke tsakanin silin wayoyin, har su zama kamar abu guda. Igiyar 7x19 tufka 7 ce, kowace tufka tana da sili 19, jimilla 133, kuma riƙon ya dogara ne ga yadda jan ƙarfen ya cika waɗannan kwaruruka. Idan muƙamuƙin awartakin ya saki ko da kaurin takarda biyu ne, daga waje za ka ga matsi uku masu kyau, amma daga ciki zoben dafe igiyar kawai ya yi. Kyan ɗan maciji ke nan. Shi ya sa kamfanin da ke ƙera shi yake haɗa awartaki da ɗan farantin ƙarfe mai tsaga, wato gejin da ka ce ba ka da shi. Duk wurin da aka matse dole ya shige tsagar da aka yi wa wannan girman ba tare da turawa da ƙarfi ba. In ya ƙi shiga, matsin bai kai ba, sai a gyara sukurin saitin da ke jikin awartakin. Ka fara neman geji.

Mai Haƙar Burtsatse, Yauri:
Baba, a gafarce ni, amma ina ganin ana tsawaita abin da bai kai haka ba. Mu kullum da igiyar ƙarfe muke ɗaga bututu masu nauyin gaske, kuma da maɗaurin nan mai siffar takalmin doki da noti biyu muke kama bakinta. Idan ɗan'uwanmu yana shakkar zobensa, me zai hana ya ƙara irin wannan maɗauri a bayansa, ko ya zuba dalma a wurin ya huta?

Tsohon Makanike, Argungu:
Ƙanena, aikinku daban ne. Ku idan maɗauri ya fara saki kuna tsaye kusa da shi, za ku gani ku ƙara ɗaure notin. Igiyar jirgi tana cikin ganga, tana shan girgizar inji sa'a bayan sa'a, babu mai ganinta. Maɗaurin naku yana murƙushe tufka a gefe ɗaya, notinsa yana iya kwancewa, kuma ƙatonsa yana iya maƙalewa a jikin wani ƙarfe a daidai lokacin da matuƙi ya taka feda. Dalma kuwa ta fi muni, domin zafi yana rage ƙarfin silin waya, kuma inda dalmar ta tsaya igiyar takan sandare, to a nan take fara karyewa sili bayan sili. Ko yankan igiyar ma ba a yi da wutar walda. Ana naɗe wurin da tef, a datse da almakashin igiya ko kurfi mai kaifi.

Malamin Fasaha, Aliero:
Ina goyon bayan Baba, kuma ina so in ƙara da abin da ke rubuce. Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, tana da kundin ƙa'idojin gyara mai lamba AC 43.13-1B, wanda ya fito a 1998, kuma babi na 7 shi ne ya yi magana a kan igiyoyin sarrafa jirgi. A ciki an ce kafin a ɗaura igiyar da aka haɗa, a ɗora mata nauyin da ya kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfin tsinkewarta, a hankali, a bar shi na minti 3. Ga igiyarka, laba 1,200 ke nan, wato kusan kilo 544, kimanin buhun siminti 11. Da a ce mara tsatsa ce mai wannan kaurin, ƙarfinta laba 1,760 ne, gwajinta kuma laba 1,056.

Ba sai ka tara buhunan siminti ba. Ka tuna jigon da ake ban ruwa da shi a fadama, wannan dabarar ce za mu juya. Ka samu ƙaƙƙarfan bututu mai kusurwa huɗu, tsawon mita 2, ka kafa baki ɗaya a kan ƙusa mai kauri yadda zai iya sama da ƙasa. A santimita 20 daga ƙusar sai ka maƙala igiyar, ɗaya bakinta kuma a ɗaure a sama jikin ginshiƙin da ba ya motsi. Duk kilo ɗaya da ka rataya a ƙarshen bututun, igiyar za ta ji kilo 10. Ruwa shi ne nauyin da ya fi dacewa, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ana iya ƙara shi kaɗan-kaɗan ba tare da fizga ba.

Abubuwa biyu ne suke ɓata lissafin. Na farko, bututun kansa yana da nauyi. Idan kilo 12 ne, tsakiyarsa tana mita 1 daga ƙusa, saboda haka tun kafin ka zuba ɗigon ruwa igiyar tana ɗauke da kilo 60, abin da ya rage maka shi ne kilo 48 da ɗoriya a ƙarshe. Na biyu, tazarar santimita 20 ɗin nan ita ce ran gwajin, domin idan ta zama 21, ka yi asarar kusan kilo 26 ba ka sani ba. Ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, kuma bututun ya kasance a kwance sosai lokacin da nauyi ya hau.

Ɗalibi, Jega:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Idan jarkar lita 25 za a yi amfani da ita, ai biyu sun wadatar ke nan, ko?

Malamin Fasaha, Aliero:
Tambayarka ta taɓo ainihin abin da muke tattaunawa. Wa ya tabbatar maka cewa jarkar lita 25 take ci? Yawancinsu idan aka cika su har wuya sun wuce abin da aka rubuta a jikinsu, ga kuma nauyin robar kanta da igiyar ratayawa da ƙugiya. A ɗora kowace jarka a kan sikeli bayan an zuba ruwan. Sikelin ma sai an gwada shi, domin na kasuwa yakan gaji kamar yadda awartaki yake gajiya. Makarantun da ke da ɗakin gwajin kimiyya sukan ajiye duwatsun awo na ƙarfe masu nauyin da aka sani, kuma a Birnin Kebbi ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru kusa da shi. Ya roƙi alfarma ya ɗora su a kan sikelinsa, ya rubuta abin da ya nuna a kilo 5, da 10, da 20. Ba laifi ba ne sikeli ya yi kuskure, muddin an san yawan kuskuren kuma ba ya canzawa.

Tsohon Makanike, Argungu:
Kafin ka fara, ɗana, ka ji wannan da kyau. Igiyar da ta tsinke a ƙarƙashin kilo ɗari tara takan yi bulala, kuma ba ta zaɓen wurin sauka. Ka lulluɓe ta da tsohon bargo ko buhunan algarara, ka sa tubarau, ka kori yara daga wurin, kuma ka ajiye tsohuwar taya a ƙarƙashin bututun da tazarar ɗan taƙi yadda ba zai faɗo a ƙafar kowa ba. Sannan ka haɗa guntuwar igiya ta musamman, da wannan awartakin da irin waɗannan zobban, wadda za ka ja har ta lalace. Ka shafa ɗigon jan fenti a inda igiyar ta fito daga zobe, domin in ta zame ko kaɗan fentin zai tsage ya nuna maka.

Maiwalda, Birnin Kebbi:
Na gode, Baba, na gode, Malam. Yau kwana tara ke nan, kuma na dawo da labari. Na haɗa jigon kamar yadda aka kwatanta, bututuna ya zo kilo 12 daidai bayan na rage masa kaɗan. Sikelina kuma ashe yana ƙara kusan rabin kilo a kowane kilo 20, na rubuta na manna a jikinsa. Na haɗa guntuwar igiya ta gwaji, na ɗora nauyin kilo 544, na duba agogo minti 3, fenti bai tsage ba. Har na fara murna. Sai na ci gaba da ƙara ruwa da moɗa, ƙanena yana rubutawa. Da nauyin ƙarshen bututu ya kai kilo 61, wato kilo 670 a kan igiya, sai muka ji wata 'yar ƙara kamar ana taka busasshen kara, bututun ya sauka a hankali ya zauna a kan taya. Da na ɗaga bargon, igiyar ba ta tsinke ba, ko sili ɗaya bai karye ba. Bakinta ne ya zare daga cikin zoben, ƙarfen idon ya faɗo ƙasa, cikin zoben kuma ya yi sumul yana ƙyalli, da ɗan shatin wayoyi sama-sama kawai.

Mai Haƙar Burtsatse, Yauri:
To ai alhamdu lillahi, ya ci jarrabawa. Malam ya ce 544 ake nema, shi kuwa ya kai 670. Wace ƙafar matuƙi ce za ta taka feda da ƙarfin kilo 670? A ganina ya ɗaura igiyoyinsa ya wuce gaba.

Tsohon Makanike, Argungu:
A nan ne na fi jin tsoro, domin maganarka tana da kama da gaskiya. Gwajin kashi 60 ba a yi shi don ya tabbatar da lafiyar awartaki ba, an yi shi ne don ya kama babban kuskure a igiyar da aka riga aka haɗa da kayan aiki masu lafiya. Zoben da aka matse daidai yana riƙe cikakken ƙarfin igiya, ma'ana idan aka ja har ƙarshe igiyar ce za ta tsinke, zoben yana nan daram. Nasa ya saki a 670 alhali igiyar tana da sauran fiye da kilo 230 a jikinta. Kuma wannan guda ɗaya muka gani. Awartakin da ya saki ba ya matsi iri ɗaya kullum, na yau ya kai 670, na gobe yana iya tsayawa ƙasa da haka. Ban da wannan, riƙon da bai kama sosai ba yana ci gaba da sassautawa da girgiza da taka feda sau dubbai, abin da gwajin minti 3 ba zai nuna ba. Ni dai ba zan zauna a kujerar baya ta jirgin da aka ɗaura wa waɗannan huɗun ba.

Malamin Fasaha, Aliero:
Baba ya yi daidai. Ina ƙara tambayar Maiwalda abu uku, domin kada mu ɗora wa awartaki laifin da ba nasa kaɗai ba. Da wane matsi ka fara? Ƙa'idar ita ce a fara da na tsakiya, sai na kusa da ƙarfen ido, sannan na ƙarshe. Bakin igiyar ya leƙo waje bayan matsi? Zoben yakan ƙara tsawo idan aka matse shi, na wannan girman yana tashi daga kusan 9/16 na inci zuwa kusan 3/4, saboda haka idan ba a bar rara ba sai ya haɗiye bakin, riƙon ya ragu. Sannan zoben na mene ne? Akwai na alminiyam da ake sayarwa don shinge da makamantansu, ba su da wuri a igiyar sarrafa jirgi. Igiya mai tutiya tana tafiya da zoben jan ƙarfe zalla ko mai rufin tutiya, mara tsatsa kuma da mai rufin kuza.

Maiwalda, Birnin Kebbi:
Malam, da na tsakiya na fara, bakin kuma ya leƙo, zobban na jan ƙarfe ne. Amma da na auna tsawon wanda ya zame, bai kai 3/4 ba. Jiya gejin da na yi oda ya iso, na gwada shi a kan matsi goma sha biyu na bakuna huɗun nan, guda biyu kacal suka shiga, su ma da ƙyar. Na duba awartakin a cikin haske, sai na ga idan an rufe shi akwai 'yar kafa tsakanin muƙamuƙansa, kuma hannayensa suna haɗuwa ba tare da wannan turjiyar ta ƙarshe ba. Na goge shi, na sa mai a gaɓoɓinsa, na riƙa juya sukurin saitin kaɗan-kaɗan ina matse zoben gwaji, har sai da na huɗu ya shige geji salin-alin. Na haɗa sabuwar guntuwa na mayar kan jigo. Wannan karon sai da nauyin ƙarshe ya kai kilo 88, wato kilo 940, sannan igiyar ta tsinke da ƙara kamar bindiga, a tsakiyarta, zobban biyu kuma fentinsu ko tsagewa bai yi ba. Lallai sai an gwada akan san na ƙwarai. Tsofaffin huɗun na datse su na jefa a kwandon shara don kada wata rana su ruɗe ni.

Ɗalibi, Jega:
Yaya, barka da arziki. Tambayata ga Baba ita ce, tunda ƙara matsi ne ya gyara abin, me zai hana a ƙara tsuke sukurin sosai don a samu tabbaci?

Tsohon Makanike, Argungu:
Domin wuce gona da iri ma ɓarna ce. Idan matsin ya yi yawa, jan ƙarfen yakan fallatso ta gefe ya yi fiffike mai kaifi, bangon zoben ya yi siriri ko ya tsage, wani lokaci ma silin wayar ya ji rauni a ciki. Geji yana gaya maka matsin ya kai, amma idonka ne zai gaya maka bai wuce ba. Ana tsayawa ne a daidai inda zoben ya fara shiga tsagar cikin sauƙi. Kuma ɗana Maiwalda, kada ka ce an gama da awartakin. A kowace ranar aiki ka fara da zoben gwaji, kuma kowane matsi da zai shiga jirgi ya bi ta geji, ba samfuri kawai ba.

Gwajin naka ya amsa wata tambayar da ban so in tayar ba tun farko, wato ko igiyar kanta ta gaskiya ce. Wadda ake sayarwa a shagunan kayan gini tana iya kama da ita ƙwarai, amma wata zuciyarta zare ce ba ƙarfe ba. Taka ta wuce 907, wannan alama ce mai kyau ga wannan naɗin. In ka sayo wani naɗin, shi ma sai ka yanki guntu ka tsinka.

Injiniya, Zuru:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina so in ja hankali kan tsaurin igiya bayan an ɗaura ta, musamman a yanayinmu. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a nan Kebbi, da asubahin hunturu kuma yana sauka ƙasa da 20. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, saboda haka a ganga mai tsawon mita 4, bambancin digiri 25 yana kawo saɓanin kusan milimita 1 tsakanin ganga da igiya. Wanda ya saita igiyarsa da sanyin safiya zai tarar ta yi tsauri da azahar.

Malamin Fasaha, Aliero:
Lissafin Injiniya daidai ne, amma ga jirgin alminiyam, irin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna don horar da sojojin sama bisa ƙirar RV-6A. Gangar Maiwalda ta bututun ƙarfe ce, ita da igiyar kusan tare suke buɗewa, don haka saɓanin kaɗan ne. Haka kuma a yawancin ƙananan jirage igiyoyin allon jela na tsaye ƙafafun matuƙi da 'yan sifirin ne ke riƙe tsaurinsu. Inda zai buƙaci ma'aunin tsauri shi ne igiyoyin da suka zagaya suka haɗe, kamar na allunan fiffike, kuma adadin da zai bi shi ne wanda mai zanen ya rubuta. Ma'aunin shi ma ana gwada shi cikin sauƙi. A rataya nauyin da aka sani, misali kilo 15, a guntuwar igiya mai kauri iri ɗaya, a maƙala ma'aunin a ga abin da zai ce. Haka sifana mai awon ƙarfin ɗauri, a kama bakinta a kwance, a rataya kilo 5 a santimita 40, ya kamata ta yi ƙara a kusan 19.6 na ma'aunin Nm, wato newton-mita, kuma bayan aiki a mayar da ita kan mafi ƙanƙantar saitinta kafin a ajiye.

Maiwalda, Birnin Kebbi:
Na rubuta duka a littafin aikina, da kwanan wata da sakamakon kowane gwaji, domin na san ranar da zan je wa NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, da maganar dubawa da rajista za a so ganin yadda aka yi kowane abu. Baba, saura tambaya ɗaya. Sukurin tsuke igiya da ke tsakiyar layin, zarensa nawa ya halatta ya rage a waje?

Tsohon Makanike, Argungu:
Kada ya wuce zare 3 a kowane gefe, kuma ka kulle shi da wayar kulle, ka naɗe ƙarshenta aƙalla sau 4 a jikin sandar. Idan ka ga sai zare 5 ko 6 sun fito kafin tsaurin ya yi daidai, igiyar ce ta yi gajarta, sai ka haɗa wata. Ka kuma lura kada zobe ya zo kusa da 'yar tayar da igiya ke bi, ya kasance da tazarar aƙalla inci 2 ko da an taka feda har ƙarshe. Sabbin igiyoyin kowace ta hau jigo a kilo 544 na minti 3 kafin ta shiga jirgi, ba fiye da haka ba. Ranar Asabar ina da ɗaurin aure a Birnin Kebbi, in Allah ya kai mu zan biyo shagon bayan la'asar. Ka ajiye mini zoben da ya zame da wanda ya riƙe, ka yanka kowanne biyu da zarto a tsakiyar matsi, ina so ɗalibin nan na Jega ya zo ya ga cikinsu da idonsa.